Soyayya a Faransa Tsakanin Yaƙi Biyu: Abin da Marubucin Hausa Zai Tanada Kafin Ya Ɗora Alƙalami

Labarin soyayya da aka gina a Faransa tsakanin 1919 da 1939 yawanci ta wuri ɗaya yake lalacewa. Siyasa tana waje tana ta hayaniya, masoya kuwa suna ɗaki ba abin da ya taɓa su. Babi ɗaya zanga-zanga, na gaba saurayi da budurwa a bakin kogin Seine, na bayansa kuma majalisa. Mai karatu a Gusau ko Birnin Kebbi da ke bin labarin shafi-shafi a WhatsApp nan da nan zai gane cewa babin siyasa ana iya tsallake shi ba a rasa komai ba, kuma daga ranar da ya fara tsallakewa kun rasa shi. Siyasar wancan zamani ta kan hanyoyi uku take iske mutum har gado: doka, aljihu da takardar shaida. In babu ɗaya cikin ukun nan a babi, to siyasar da ke cikinsa ado ce kawai.

Shekara ashirin ta yi wa littafi ɗaya yawa. A cikinta Faransa ta canza gwamnati fiye da sau talatin, wata ma ba ta cika mako ba, don haka wanda ya ce sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, littafin makaranta zai rubuta. Ku yanki ɗan lokaci, wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, wanda yake da ranar buɗewa da ranar rufewa. Akwai 1919, lokacin da ake sallamar sojoji. Akwai Mayu zuwa Nuwamban 1931, lokacin baje kolin ƙasashen mulkin mallaka. Akwai Janairu da Fabrairun 1934, sannan Mayun 1936 zuwa Yunin 1937. A kula kuma, a tsarin mulkin Faransa na lokacin, wato Jamhuriya ta Uku, shugaban ƙasa ba shi da wani ƙarfi. Mulki yana hannun firaminista da majalisa. Duk wanda ya sa jarumarsa ta je kai kuka fadar shugaban ƙasa, ya kai ta inda ba a yanke komai.

Ko wane lokaci kuka zaɓa, matattun yaƙi suna cikinsa. Sojojin Faransa kusan miliyan 1.4 suka mutu daga 1914 zuwa 1918, a ƙasa mai mutum kimanin miliyan 40. Mata wajen 600,000 ne aka bari da takaba. Mutum kimanin 15,000 suka dawo fuska a farfashe, har aka zaunar da biyar daga cikinsu a zauren da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da Jamus ta Versailles ranar 28 ga Yunin 1919, don wakilan Jamus su gani. Yarinyar da aka haifa a 1895 samarin da za su aure ta da yawa suna ƙarƙashin ƙasa, kuma sunayensu na nan a sassaƙe jikin dutse a dandalin ƙauye, inda take wucewa kullum in za ta sayo burodi. Mafi amfani ga marubuci su ne waɗanda suka ɓace, ba gawa ba labari. Mai karatunmu ya san wannan mas'ala daga fiƙihun Malikiyya, inda matar wanda ya ɓace take jira shekara huɗu kafin ta yi idda. A Faransa dokar Yunin 1919 ce ta ba kotu damar ayyana irin wannan soja a matsayin matacce. Wa zai kai maganar kotu? Matar da ke son sake aure, ko uwar mijin da har yanzu take gyara masa gado? Daga nan kawai an samu rabin littafi.

Ƙofar da ke bakin iyakarmu

Marubuci daga Kebbi ko Zamfara yana da hanyar shiga wannan zamani da wani ba shi da ita, domin ƙasar Faransi, wato Nijar ta zamanin mulkin mallakar Faransa, ba ta da nisa da mu. Daga Kamba Gaya tana nan kusa, daga Kangiwa ana shiga ƙasar Dogondutsi, daga Shinkafi da Zurmi kuwa sai yankin Maraɗi. Dangi ɗaya ne Turawa biyu suka raba. Amma akwai tarko. Bakabe ko Bazamfaren da ya shiga sojan Ingilishi ba a kai shi Faransa ba. Rundunar Nijeriya Kamaru ta yi yaƙi daga 1914 zuwa 1916, daga nan aka wuce da ita Gabashin Afirka. In ana son Bahaushe ya taka Faransa da kakin soja, dole ta hannun Faransi ya shiga, cikin rundunar da ake kira sojan Senegal ko da mutum bai taɓa ganin Senegal ba. Mafi yawansu daga ƙasashen da yau ake kira Mali, Burkina Faso, Gini da Senegal aka ɗebo su, kason Nijar kaɗan ne, don haka kada ku cika bariki da Hausawa. Jaruminku zai fi jin Bambaranci a kusa da shi, kuma kaɗaicinsa abin rubutawa ne.

Yadda ake ɗaukar soja ma labari ne. Kumandan ya yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, sarki kuma ba ɗansa zai bayar ba, sai ɗan talaka, ko bawa, ko baƙo. A 1918 aka turo Blaise Diagne, baƙar fata ɗan Senegal da ya shiga majalisar Faransa a 1914, ya zagaya neman sojoji, kuma daga 1919 aka mayar da aikin soja na shekara uku doka a yankin. Mutane da yawa sun riƙa tsallakowa ɓangaren Ingilishi don gudun soja da aikin tilas da haraji, haka ma lokacin yunwar 1931 da fari suka jawo a yammacin Nijar. To ku ɗauka saurayi ne ɗan Kamba ya je cin kasuwa Gaya, aka kama shi aka cike gurbi da shi, aka rubuta shi ɗan Gaya. Wannan ƙaryar da ke jikin takardarsa za ta bi shi har ranar ɗaurin aure, domin in gaskiya ta fito, shi baƙo ne ɗan ƙasar da ke ƙarƙashin Ingila.

Da sanyi ya shigo akan janye sojojin Afirka zuwa kudu, sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël, kuma a irin wuraren nan da asibitoci ne suka fi haɗuwa da matan Faransa. Tun 1915 akwai al'adar mace ta ɗauki sojan da ba ta sani ba ta riƙa rubuta masa wasiƙa tana aika masa ɗan kunshi. Ga inda dabara take: jaruminku ajami ya iya, ba boko ba. Dole wani ya karanta masa wasiƙar, ya kuma rubuta masa amsa, ke nan akwai mutum na uku da ya san sirrin tun ranar farko, kuma yana iya ƙara kalma ko ya rage. Hukumar soja ma tana buɗe wasiƙu, tana tsare hotuna, ba ta kuma son irin wannan aure ko kaɗan. Ga jirgin ruwan mayar da sojoji gida yana jira a 1919.

In ba ku son soja, baje kolin 1931 a dajin Vincennes ya kai masu sana'a daga Afirka ta Yamma birnin Faris, aka gina musu wuri irin ginin ƙasa na Sudan. An sayar da tikiti kimanin miliyan 33. Baduku ko maƙerin farfaru zai iya zuwa ta nan, ana kallonsa yana aiki, ana kuma sa masa ido kada ya haɗu da 'yan kwaminis, waɗanda suka shirya nasu baje kolin na adawa. Wata shida ke gare shi.

Dokar aure

Nan ne marubutanmu suka fi zamewa, saboda sukan ɗauki Turai ta yau su jefa a 1925. Macen Faransa ba ta jefa ƙuri'a ba sai 1945. Majalisar wakilai ta yarda a ba ta tun 1919, majalisar dattawa ta ƙi a 1922. Matar aure a doka wajibi ne ta yi wa miji biyayya, kuma ba ta sa hannu a yarjejeniya ko ta shiga ƙara sai da izininsa, har zuwa dokar 18 ga Fabrairun 1938. Ko bayan nan miji yana iya hana ta aiki, sai 1965 aka kau da wannan. Albashinta dai nata ne tun 1907. Abin lura shi ne, wadda mijinta ya mutu ta fi matar aure 'yanci nesa ba kusa ba: tana riƙe shagonta, tana sa hannu da kanta. In ta sake aure duk ta miƙa. Saboda haka bazawara mai shagon ɗinki da ta tsaya tana jan ƙafa ba lallai rashin so ba ne. Lissafi take yi, kuma ya kamata mai karatu ya ga lissafin.

Matakan auren kansu ga su. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye. Kowane ɓangare ya kawo takardar haihuwa ofishin magajin gari, abin da sojan Afirka ba shi da shi, sai an nemo shaidu an yi masa wata a madadinta, kuma a nan ne ma'aikacin da ba ya son auren yake samun abin fakewa. Ana liƙa sanarwa a ƙofar ofis kwana goma, duk mai wucewa ya karanta. Magajin gari ne ke ɗaurawa, sai bayan nan a je coci. Limamin cocin da ya riga magajin gari ya karya doka. Wadda mijinta ya mutu ko aka raba aurenta sai ta jira kwana 300, ba wata huɗu da kwana goma ba. Saki ba ya fita daga bakin miji. An dawo da shi a 1884, amma sai kotu ta tabbatar da laifi, kamar cin amana ko duka, kuma ɗariƙar Katolika ba ta yarda da shi sam. Mata biyu laifi ne na ɗauri. In jaruminku ya bar mata a Arewa, kada ku binne maganar. Mai karatu a Talata Mafara zai tambaya, zai kuma tambayi yadda aka yi da waliyyi da sadaki.

Maganar sadaki juye take. A gidajen masu hali iyayen amarya ne ke ba da dukiya ta bi 'yarsu, ana rubuta yarjejeniya gaban lauyan da ke kula da gado da filaye. Ta nan aljihu ke shigowa. Iyalai da yawa sun zuba ajiyarsu a takardun bashin Rasha, gwamnatin juyin juya hali ta ce ba ta biya a 1918. Hauhawar farashi ta cinye saura, har firaminista Raymond Poincaré ya tsayar da kuɗin ƙasar, wato faran, a 1928 kan kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa kafin yaƙi. Uban da ya tara wa 'yarsa dukiyar aure a 1913 ya wayi gari abin bai kai ya jawo surukin da yake so ba. Irin wannan uba ne ke cewa 'yan majalisa ɓarayi ne, kuma ɗansa ne ke shiga ƙungiyar 'yan riƙau. Kun ga ba sai an yi masa lacca a baki ba.

Doka ɗaya kuma da ba a cika sani ba: kafin Agustan 1927, Bafaranshiyar da ta auri baƙo takan rasa zama 'yar ƙasa, ta bi ƙasar miji. Ƙidayar 1931 ta sami baƙi kimanin miliyan 2.7, Italiyawa da 'yan Folan da Sifaniyawa da Rashawa da Armeniyawa. Da tattalin arziki ya karye aka yi dokar 1932 ta ƙayyade yawan baƙi a wuraren aiki, aka riƙa loda 'yan Folan masu haƙar kwal a jirgin ƙasa ana mayar da su. Aure ɗaya, in an ɗaura shi a 1926 wani labari ne, a 1928 kuma wani.

Daren Talata, 6 ga Fabrairun 1934

In dare ɗaya za ku kashe wa babi uku, to wannan ne, amma sai an jera abin yadda ya faru. Wani ɗan damfara, Alexandre Stavisky, ya yi cuwa-cuwa da takardun bashi na bogi ta wani gidan jingina na birnin Bayonne, kuma yana da abokai cikin 'yan majalisa. Ranar 8 ga Janairu aka same shi da harsashi a ka a Chamonix. 'Yan sanda suka ce shi ya kashe kansa, jama'a da yawa suka ce rufe masa baki aka yi. Gwamnati ta faɗi, Édouard Daladier ya hau, ranar 3 ga Fabrairu ya cire shugaban 'yan sandan Faris, Jean Chiappe, wanda 'yan riƙau ke ƙauna. Sai ƙungiyoyi suka kira gangami ranar da sabuwar gwamnati za ta bayyana gaban majalisa.

Ku zana taswirar wurin a takarda kafin ku rubuta. Dandalin Concorde yana gefe ɗaya na kogi, majalisar wakilai tana ɗaya gefen, gada ɗaya ce tsakaninsu, kuma a bakin gadar nan jami'an tsaro suka ja daga. Tun yamma aka fara jifa. An watsa ƙananan ƙwallayen gilashi a ƙasa don dawakin 'yan sanda su zame, wasu sun ɗaura reza a kan sanda, an ƙone motar bas. Da dare aka buɗe wuta. Mutum 15 suka mutu, sama da dubu suka ji rauni, cikin matattun har da wata mai aikin ɗaki da harsashi ya iske a barandar otal ɗin Crillon. Kashegari Daladier ya sauka. Ranar 12 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago suka yi yajin aikin gama-gari, jerin 'yan gurguzu da na 'yan kwaminis suka haɗe a titi, su da suka rabu tun taron Tours na Disambar 1920.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk masu zanga-zangar a buhu ɗaya. Ba ɗaya suke ba. Action française ta Charles Maurras sarauta take so a dawo da ita, kuma Fafaroma ya yi tir da ita tun 1926, don haka uwa mai riƙon coci tana iya kuka kan ɗanta ya shiga, ko da ita ma ba ta son jamhuriya. Croix-de-Feu ta Kanar de La Rocque daga tsofaffin sojoji ta samo asali. A daren nan ta ɓangaren majalisa mutanenta suke, kuma shugabansu ya sallame su bai bari sun afka ba, abin da sauran suka daɗe suna yi masa gori a kai. Har tsofaffin sojoji masu bin kwaminis sun fito da nasu taken. Sai kun san ƙungiyar da yayan jarumarku yake ciki kafin ku san gefen kogin da yake tsaye da ƙarfe tara na dare, da kuma ko zai iya cin karo da saurayinta.

Bazarar 1936

Wannan lokaci ya fi sauƙin rubutu, shi ya sa ya fi sauƙin zama zuma zalla. Gamayyar jam'iyyun sauyi ta ci zaɓe ranar 3 ga Mayu. Kafin Léon Blum ya kafa gwamnati a farkon Yuni, ma'aikata sun fara yaji, suna kwana cikin masana'antu maimakon su fita, har adadinsu ya kai wajen miliyan biyu. A kamfanin motoci na Renault da ke Billancourt kaɗai mutum kimanin 30,000 ne. Iyalai suna miƙa abinci ta ƙofa, ana kiɗa ana rawa a fili, ana goge injina don kada a ce an yi ɓarna. 'Yan matan manyan kantuna ma sun shiga. Daren 7 zuwa 8 ga Yuni aka cimma yarjejeniyar Matignon tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu masana'antu, aka ƙara albashi da kashi 7 zuwa 15 cikin ɗari, sannan majalisa ta yi dokar awa 40 a mako da hutun mako biyu mai albashi. Da tikitin jirgin ƙasa mai ragin kashi 40, mutane da yawa suka ga teku karon farko. Mata uku sun shiga gwamnatin Blum, alhali ba mai ikon jefa ƙuri'a a cikinsu.

Ɗacin da zai gyara zumar yana nan kusa. A Fabrairun shekarar 'yan sarauta sun fizgo Blum daga mota sun yi masa jina-jina, kuma jaridun riƙau ba su daina zaginsa kan Bayahude ne ba. A Yuli yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya, gwamnati ta ce ba ta sa hannu, samari suka riƙa sulalewa suna tafiya da kansu. Nan ga dalilin rabuwa da ba ya bukatar kishiya. A Nuwamba ministan cikin gida Roger Salengro ya kashe kansa bayan jaridu, musamman Gringoire, sun dame shi da ƙazafin ya gudu daga fagen yaƙi. Farashi ya tashi ya lashe ƙarin albashin. Yunin 1937 Blum ya sauka. Kuma kada a manta da mai ƙaramin gareji da leburori shida, wanda awa 40 ta karya; in shi ne uban yarinya, yana da hujjarsa, a bar shi ya faɗe ta da kyau.

Ƙananan abubuwan da ke tona asiri

Kuɗi faran ne, ana raba shi santim ɗari, kuma talakawa da "su" suke lissafi, wato santim biyar. Jarida wajen santim 25 ce a farkon shekarun 1930, kilon burodi wajen faran biyu. Bahaushen ƙasar Faransi kuwa tamma da dala zai ce. Jaridar da mutum ya riƙe ita ke faɗin ko shi wane ne: L'Humanité ta 'yan kwaminis, Le Populaire ta 'yan gurguzu, Le Petit Parisien ta kowa da kowa. Saurayi ya shiga gidan surukai da wadda ba ta dace ba a aljihun kwat, an gama magana.

Talaka ba shi da tarho a gida. A Faris akwai wasiƙar da ake turawa ta bututun iska a ƙarƙashin gari, ta isa cikin awa biyu ko ƙasa da haka, da ita ake sa ranar haɗuwa a kuma warware. Yarinya mai aikatau ko mai buga tafireta takan zauna a ɗan ɗaki can hawa na shida, ba lif, famfo da ban-ɗaki na tarayya a lungu, ɗumama kuwa sai da kwal da ta hau da shi a bokiti. A ƙofar kowane bene akwai matar da ke tsaro, ita ke karɓar wasiƙu, ita ke ja wa mai dawowa da dare igiyar ƙofa bayan ya faɗi sunansa. Tamkar tsohuwar da ke zaune bakin zaure take, ba mai shiga ba mai fita ba ta ƙirga ba, kuma 'yan sanda sun san wurin wa za su fara tambaya. Tarin fuka na kisa, ba kuma allurar fenisilin a asibiti sai bayan 1940, saboda haka raunin harsashi da ya ruɓe ba a warkar da shi da babi ɗaya.

In jaruminku Musulmi ne, ku duba kalandar Hijira. Azumin 1919 a watan Yuni ya faɗo, lokacin da rana ke yin awa 16 a sama, kuma a kwanakinsa na ƙarshe aka sa hannu a Versailles. Na 1352 ya fara a tsakiyar Disambar 1933, ke nan ana azumi Stavisky ya mutu, cikin hunturu, ana shan ruwa wajen ƙarfe huɗu na yamma. Babban masallacin Faris sai Yulin 1926 aka buɗe shi. Wanda ya kai jaruminsa Juma'a can a 1920 ya kai shi fili. Asibitin Musulmi na Bobigny a 1935 ne. Giya kuwa tana kan kowane teburi, har cikin rabon abincin soja, ga naman alade a miyar uwar budurwa ranar da aka fara gayyatarsa.

Wajen zance, Faransanci yana raba "kai" da "ku" na girmamawa, kuma masoyan wancan zamani sukan daɗe a kan "ku". Hausa na da wannan, sai a yi amfani da shi. Ya riƙa cewa, "Madam, kun bar safar hannunku," har babi goma. Ranar da ta ce masa, "Kai ma ka san ba zan iya ba," mai karatu zai ji an ƙetare wani abu ba tare da an rubuta abin da zai sa a hana ƙanne karantawa ba. Shi kuma in ɗan Arewa ta wajen Dogondutsi ne ko Bakabe, a bar masa harshensa in yana magana da ɗan'uwansa: "Mi ka gani?", "Na tahi lakwal," "ɗiyar mutane ta." Ita za ta kira sunansa a gaban jama'a ta kuma saƙale hannunta a nasa, abin da zai sa shi sunkuyar da kai, ita kuma ba za ta gane dalilin da ya sa ba ya iya kallon mahaifinta ido cikin ido ba, har uban ya ɗauka rashin gaskiya ne.

Abu na ƙarshe da ke kashe irin wannan littafi shi ne mutanen ciki su san gaba. Ba wanda ya san a 1934 cewa Jamus za ta shiga Faris a Yunin 1940. Da Daladier ya dawo daga Munich a ƙarshen Satumbar 1938, bayan an sallama wa Hitler wani yanki na Cekoslobakiya, tafi aka tarbe shi da shi a filin jirgin Le Bourget, kuma masu tafin nan yawancinsu ba 'yan Nazi ba ne, iyaye ne da suka binne 'yan'uwa a yaƙin farko, ga 'ya'yansu sun kai shekarun soja. Jarumar da ta haifi ɗa a 1919, yaron yana da shekara 19 a ranar. A bar ta ta yi tafi da zuciya ɗaya, mijinta ko masoyinta ya ƙi yi mata magana kwana uku, kuma kada marubuci ya leƙo ya nuna wanda ya yi daidai. Wanda ke son rufe littafi a kan kiran sojoji, an liƙa sanarwar a bango ranar 1 ga Satumbar 1939, ta fara aiki ranar 2, aka shelanta yaƙi ranar 3. Kowane namiji yana da ɗan littafin soja da ya nuna masa ranar da zai tafi da barikin da zai je, kuma masu nufar iyakar Jamus daga Faris tashar Gabas suke hawa jirgi.